Gaisuwa a Ƙarƙashin Mazurari

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka buɗe injin shinkafar Alhaji ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kazaure sun yi rantsuwa ba za su bar ni ba. Har yau in na tare ɗan acaɓa a bakin tasha, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, a ɗaure ka da roba ne, ko za ka iya riƙewa?" Ni dai hawa nake yi in yi shiru, don na lura amsa ƙara musu ƙarfi take yi.

Bari in faro daga tushe. Lantarki na karanta, na fito da takardata mai kyau, na kuma ƙare a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa ina gyaran fanka da dutsen guga da cajar waya. Duk garin "mai gyara" ake ce mini. A zuciyata kuwa injiniya ne ni, mutane ne kawai ba su samu labari ba. (Na taɓa rubuta "Injiniya" a jikin rumfar da fenti, damina ɗaya ta wanke shi, na ɗauka ishara ce na haƙura.)

Ana haka sai Alhaji, wanda ya daɗe yana sayen shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, a hannun manoman Roni da Gwiwa da na gefen dam, ya gina wurin casar shinkafa a bayan gari. Cikin kayan da ya sayo har da injin auna shinkafa da zuba ta a buhu, kuma yana neman wanda zai haɗa masa wutarsa ya ci gaba da kula da shi. Abokansa duk suka ce ya ɗauko mutum daga Kano. Sai ya aika aka kira ni, albarkacin marigayi mahaifina da suka yi zaman mutunci.

Alhaji mutum ne da ba ya ɓarnar magana, ban kuma taɓa ganin haƙoransa ba. Ya ce, "Ka haɗa shi. Ranar buɗewa in ya yi aiki a gaban jama'a, aikin naka ne. In ya ba ni kunya, fankokinka suna nan suna jiranka."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba za ka ji kunya ba."

Kuma gaskiya na faɗa. Ba shi ya ji ba.

Ga yadda injin yake, don ku fahimci abin da ya biyo baya. A sama akwai ɗan rumbun ƙarfe da ke auna shinkafa daidai buhu guda, ya riƙe ta yana jira. A ƙarƙashinsa akwai mazurari, bakinsa ya sauko kamar daidai ƙirjin mutum, nan ake saƙala buhu. A gefe kuma, daidai gwiwa, akwai wata 'yar na'ura da ba ta kai kwalin ashana biyu ba, ita ce sensa mai leza. Ma'aikata suna ce mata Jan Ido. Aikinta ta harba wani siririn jan haske zuwa inda buhu zai tsaya. In babu komai a wurin, hasken ya wuce abinsa. In akwai abu, sai hasken ya bugi abin ya dawo mata, ita kuma ta gaya wa rumbu cewa buhu ya iso, a sako. Ana ma koya mata nisan da za ta kula da shi, yadda bangon da ke can baya ko mai wucewa daga nesa ba za su ruɗe ta ba. Ni da kaina na koya mata. Na riƙe farin buhu mai sheƙi a gabanta, na danna mata maɓalli, na ce to, ga abin da za ki riƙa nema a duniya.

Na ƙaunaci na'urar nan, ba zan ɓoye ba. Ko zare ka gitta mata sai ta gani. Nakan tsaya in riƙa sa hannu ina cirewa, 'yar fitilarta tana kamawa tana mutuwa, ina jin daɗi kamar wanda ɗansa ya fara tafiya.

To, waɗanda suka ƙera injin sun sa masa wani abin takawa a ƙasa. Ko Jan Ido ta ga buhu, rumbu ba zai buɗe ba sai mai riƙe da buhun ya taka da ƙafa, wato ya shaida cewa lallai buhu ne, kuma ya shirya. Ni kuma sai abin nan ya tsaya mini a rai. Na ce yanzu a gaban manyan baƙi za a ga Habu, ma'aikacin da ke saƙala buhu, yana taka wani abu kamar tela? Ai sai a ce Habu ne ke aikin, ba injina ba. Ana gobe biki na zare wayar abin takawar, na haɗe ta kai tsaye. Daga ranar, abin da Jan Ido ta gani shi ne hukunci, babu ɗaukaka ƙara.

Don kada wani ya ɓata mini tsari, sai na zana layi da ruwan ɗorawar fenti kewaye da ƙarƙashin mazurarin, na rubuta da manyan baƙaƙe: KADA A TSAYA A NAN. Sannan na tara ma'aikata na yi musu huɗuba. Na ce, "Gobe duk wanda ya taɓa wani maɓalli ba da izinina ba, ko da gini ne ke faɗuwa, a bakin aikinsa." (Ba ni da ikon korar ko kaza a wurin, amma su ba su sani ba.) Habu ya ce, "Har jan maɓallin nan na tsayar da inji?" Na ce, "Musamman shi."

Saura maganar tufafi. Matata Hadiza ta wanke mini shuɗin kayan aikina ta goge. Na dube su na ce ai injiniya ba ya sa kayan leburori ranar biki, ta fito mini da farar shaddar aurenmu. Ta ce, "Wurin inji fa za ka, ba ɗaurin aure ba." Na ce ta bar maganar da ba fanninta ba. Sai ta aika da rigar wurin masu bugu. Aka sa mata sitati aka buge ta, ta dawo tana ɗaukar ido, in ka ajiye ta ma tsayawa take da kanta. Ya kamata in ƙara da cewa tun bayan aure jikina ya ɗan buɗe, musamman ta baya.

Ranar Asabar da hantsi wuri ya cika. An kafa rumfuna, an jera kujeru, ga 'yan kasuwa daga Babura, ga wasu Alhazai daga Nijar da ke son su riƙa sari, ga manoma, ga wakilin hakimi. Aka yi addu'a, aka yanka ƙyalle, jama'a suka ɗuru cikin ɗakin injin har ba wurin sa ƙafa. Sai Alhaji ya miƙo mini abin magana ya ce in yi bayani.

Na gyara zaman babbar riga a kafaɗa, na yi gyaran murya. Na yi bayanin haske, na yi bayanin nisa, na faɗi wasu kalmomi da ni kaina ranar na fara furta su a fili. Da na ga wakilin hakimi yana gyaɗa kai, sai kaina ya ƙara girma, na ɗaga murya na ce, "Jama'a, mutum yana kuskure. Mutum yana gajiya, yana gyangyaɗi, yana son kai. Wannan na'ura ba ta san ɗan wane ba. Ba ta taɓa kuskure ba, ba kuma za ta yi ba. Duk abin da ta ce buhu ne, to ku rubuta ku ajiye, buhu ne."

Hausawa sun ce baki shi ke yanka wuya. Nawa bai ko tsaya wasa wuƙa ba.

Na yi wa Habu alama. Ya saƙala buhu, jan ɗigo ya bayyana a jikinsa, rumbu ya buɗe, shinkafa ta zubo shaa, buhu ya cika ya tsaya cak. Allon da ke sama ya nuna ɗaya. Wuri ya ɗauki kabbara da tafi. Habu ya janye buhun ya kai wurin ɗinki. Na saci kallon Alhaji, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa, wanda a wurinsa wannan shewa ce. Na ce a raina shi ke nan, fanka sai wata rana.

A daidai lokacin jama'a suka fara darewa, ana cewa, "A ba Baffa hanya." Baffa ƙanen mahaifin Alhaji ne, daga Roni ya taso, tsoho ne tukuf mai dogara sanda, ido ya yi rauni, kunne ya yi nauyi. Aminin mahaifina ne kuma, shi ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni. Duk ƙasar nan an san Baffa da abu guda: gaisuwa. In ya kama hannunka, sai ya tambayi kowa a gidanku da sunansa, har wanda ya yi ƙaura. Akwai masu cewa in suka hango shi ranar kasuwa, sai su fara sallar azahar tukuna su zo.

Aka ce masa, "Baffa, ga ɗan amininka, shi ya haɗa injin." Ya miƙo hannu yana lalube.

Yanzu ku gaya mini, me ɗan da aka haifa a gidan mutunci zai yi? Ba a gaida irin Baffa a tsaye. Ba a kuma durƙusa masa a kan ƙafarsa, sai ka ɗan ja da baya ka ba shi fili. Jikina ya yi abin da aka koya masa tun ina yaro, bai nemi shawarar kaina ba. Na zame takalma, na ja da baya taku biyu, na durƙusa, na miƙa masa hannun dama, abin magana yana hagu. Na ji santsin fenti a tafin ƙafata. Na tuna har na ce a raina, kai, fentin nan mai kyau ne.

Daga baya aka ba ni labarin cewa duk wanda ke gefen hagu ya ga jan ɗigon ya sauka a kan farar shaddata, a daidai wurin da ba zan ambata ba. Habu ya gani. Ya kalli jan maɓalli, ya kalle ni, ya tuna huɗubar jiya, ya harɗe hannuwansa a baya.

Baffa ya ce, "Sannu, ɗan nan. Ina kwana?"

Na ce, "Lafiya lau, Baf..."

Ban san ko an taɓa juye muku buhun shinkafa a ka ba. Ba zafi gare shi sosai ba, nauyi ne da mamaki. Hulata ce ta fara tafiya. Daga nan shinkafa ta bi ta wuyan riga, sitatin nan ya buɗe mata hanya kamar an gina mata kwata, ta gangara ta cika 'yar ciki, ta cika aljihu, ta samu hanyar wando. Kafin in gane abin da ke faruwa na nutse har ƙugu.

Babu mai dariya, don Baffa yana magana, kuma ba a dariya babba yana gaisuwa. Babu kuma mai jawo ni, don hannuna yana cikin nasa.

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Baffa."

Abin maganar yana nan a hannuna, kusa da bakina. Duk amsar da na bayar sai da ta fita ta lasifika har bakin titi, tare da ƙarar tsakin shinkafar da nake taunawa.

"Ya mai ɗakin naka? Hadiza ko?"

"Tana lafiya, Baffa."

"Ya yayanka na Gwiwa? Ƙafar tasa ta saki?"

"Da sauƙi, Baffa."

"Ya aiki?"

Na ce, "Alhamdu lillahi." Me zan ce?

A nan wani zai tambaya, don me ban tashi ba? Na yi wa kaina wannan tambaya ba sau ɗaya ba. Gaskiyar ita ce tunanin tashi bai ko zo mini ba. Abin da ke raina kawai shi ne, in na yi shiru na natsu, wataƙila mutane ba za su lura ba.

Can Baffa ya ce, "To madalla, madalla. Allah ya yi albarka." Ya sassauta hannu. Na ce Alhamdu lillahi, an sallame ni. Na yunƙura na miƙe, na ɗan matso gaba, shinkafa tana zuba daga hannayen rigata. Da na matsa, hasken ya wuce, Jan Ido ta fahimci cewa an ɗauke buhun da ya cika. A sama kuma na ji rumbu ya gama auna wani. Ni na tsara shi ya yi sauri haka, har na yi alfahari da saurin a jawabina.

Sai Baffa ya ƙara damƙe hannuna ya ce, "Af! Ban tambayi Inna ba. Ya jikin mahaifiyar taka?"

Jama'a, an ambaci mahaifiyata. Na koma na durƙusa.

Na biyun ya fi na farko, don wannan karon na san yana tafe. Har na ji ɗan ƙaran da rumbu ke yi kafin ya buɗe, na rufe ido, na ce ta lasifika, "Tana gaishe ka, Baffa." Sannan ya sauko.

Alhaji ne da kansa ya tako, bai yi sauri ba, ya danna jan maɓalli. Inji ya yi shiru. Ya ɗaga kai ya kalli allo, ya karanta wa jama'a kamar mai sanar da ganin wata: "Uku."

Wani Alhaji daga Nijar ne ya fara fashewa, daga nan kuma babu wanda ya iya riƙewa. Wakilin hakimi ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa suna rawa. Habu da wani suka kama ni ta hammata suka zaro ni kamar rogo. Da na taka, sai wandona ya riƙa sakin shinkafa ta ƙafa, na bar layi biyu tun daga wurin injin har ƙofa. Kunyar da na ji ranar ban taɓa jin irinta ba. Da ƙasa ta tsage da na shiga, amma da irin sa'ata a ranar, ina jin ko ita auna ni za ta yi.

Na zauna a bayan ɗakin janareta ina zazzage hula, ina lissafin inda zan samo kuɗin sabon fenti na rumfar gyaran fanka. Sai aka ce Alhaji yana kira. Na same shi a ofis, Baffa yana zaune a gefe yana cire shinkafa daga takalminsa. Na duba sama tukuna, sannan na durƙusa.

Alhaji ya ce, "Na sa an share an auna. Buhu biyu ne cif, ko tiya ba ta ragu ba, in aka haɗa da wadda ke jikinka." Ya dube ni. "Kai ka ce duk abin da ta ce buhu ne, buhu ne."

Na ce, "Na faɗa, ranka ya daɗe."

"To ni ba zan yi musu da injiniya ba."

Wannan ne karo na farko da wani ya kira ni injiniya ba da wasa ba, ko kuma da wasa ne, har yau ban tabbatar ba. Ya tambaye ni me ya sa injin bai jira a taka shi ba, na gaya masa gaskiya. Ya ce in mayar da wayar kafin la'asar, kuma Litinin in zo da shuɗin kaya.

Na juya wurin Baffa don in ba shi haƙuri, na ce ban san ko ya ji abin da ya faru ba. Ya ce, "Na ji mana. Tun ta farko na ji ta a ƙafata. Amma na ga kai da take zubar wa a ka ba ka katse ba, na ce to ni wane ne da zan katse?" Ya lalubo kaina ya dafa, ya share wasu ƙwayoyi da suka maƙale. Ya ce, "Da ubanka yana raye da ya ji daɗinka yau. Da kuma ya fi kowa dariya."

Duk abin da aka yi ranar ban yi hawaye ba sai a nan. Na ce musu ƙaiƙayi ne ya shiga mini ido, duk da kowa ya san shinkafar an cashe ta tas.

Da yamma Alhaji ya aiko da buhunan biyu gidana, ya ce wadda ta bi ta wandon mutum ba ta sayarwa ba ce. Hadiza ta riga ta ga hoton da wani ya ɗauke ni a waya kafin in iso, don kafin magariba ya kai Babura. Ba ta ce "na gaya maka" ba, Allah ya saka mata. Ta dai karɓi shaddar ta zazzage a kan tabarma, ta samu abin da ya ishe mu tuwon dare. Shinkafar nan ita muka ci har bayan Sallah, kuma duk ranar da ta dafa, in ta ajiye mini kwano sai ta ce, "Ga taka, ta san ka."

Ina nan a wurin Alhaji har yanzu. Na mayar da abin takawa, kuma duk wanda ya zo koyon aiki nakan gaya masa cewa na'ura tana gani, amma ba ta san abin da ta gani ba, shi ya sa ake barin ƙafar mutum a cikin maganar. Jan Ido tana nan ita ma, ba ta taɓa neman gafarata ba, kuma in za a bi gaskiya ba ta yi ƙarya ba: an nuna mata fari mai sheƙi mai faɗi, an ce ta nema, ta samu.

Gaisuwa kuwa ban daina ba. In na haɗu da babba har gobe ina durƙusawa, haka aka rene ni. Sai dai yanzu nakan fara ɗaga kai in ga abin da ke samana, in kuma Baffa ne, nakan fara da gaya masa cewa Inna tana lafiya.